Yadda Muka Haɗa Wayoyin Tebur a Asibitinmu da ke Gusau

Ni ne jami'in gudanarwa a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Gusau, kuma a farkon shekarar 2021 likitan da ya mallaki asibitin ya ɗora mini nauyin samar da wayoyin tebur da za su haɗa ɗakunanmu. Dalilinsa a fili yake. Ginin bene ne, ofishin likita da na akanta suna sama, ɗakin kati da ɗakin magani da ɗakin gwaji suna ƙasa, ɗakin haihuwa kuma yana can baya. Idan nas tana neman likita, ko dai ta hau bene da ƙafarta, ko ta kira shi da wayarta ta hannu da katinta, sabis kuma ba ya shiga ɗakunan ciki sosai. A lokacin ban san komai game da wannan aiki ba in ban da ɗaga waya da ajiye ta, kuma ban sami wanda zai zaunar da ni ya bayyana mini shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Shi ya sa na rubuta matakan da na bi, domin sakataren makaranta ko na otal ko na wani asibiti da aka miƙa wa irin wannan aiki ya san abin da ke gabansa.

Matakin farko shi ne neman injiniya. Masu gyaran wayar hannu suna da yawa a garin, amma masu haɗa intakom kaɗan ne, yawancinsu kuma dattawa ne da suka koyi aikin tun zamanin NITEL, lokacin da ake kiran Gusau da 063. Wani abokin aiki da ke wani otal ne ya haɗa ni da wanda ya yi musu nasu. Da ya zo, kafin ya duba gini sai da ya tambaye ni: "Malam, magana tsakaninku kawai kuke so, ko kuna son mutanen gari su kira ku, ku ma ku kira su?" Na ce duka biyu. Ya ce to abu biyu ne daban, kuɗinsu ma daban. Ya bayyana mini cewa akwai akwati guda da ake kira PABX, wanda kowace wayar tebur take komawa gare shi ta kebul. Maganar cikin gida tana ƙarewa a cikin akwatin, ba ta cin kati, ba ta bukatar sabis. Kiran waje kuwa yana bukatar layin da ya fito daga kamfanin sadarwa. Ya kwatanta mini akwatin da zauren gida: mutanen gida suna iya zirga-zirga tsakanin ɗakunansu yadda suka ga dama, amma baƙo da mai fita duk sai sun bi ta zaure. Duk rikicin da na ci karo da shi daga baya, da na tsaya na tambayi kaina ko na ciki ne ko na waje, sai in ga bakin zarensa.

Bayan haka muka zagaya ginin ɗaki ɗaki yana auna nisa, ni kuma ina rubuta inda ake bukatar waya. Da muka lissafa, ɗakunan sun haura takwas, kuma wannan adadi yana da muhimmanci. Akwatin da ya ba mu shawara, Panasonic KX-TES824, yana zuwa ne da gurbin layukan waje 3 da wayoyin ciki 8, ana kuma iya faɗaɗa shi da ƙarin katunan lantarki da ake sakawa a cikinsa har ya ɗauki layukan waje 8 da wayoyin ciki 24. Wato waya ta tara kaɗai ta isa ta sa a sayi katin ƙari. Ya rubuta mana takardar kiyasin kuɗi da hannu, na roƙe shi ya rarrabe ta: akwati daban, katin ƙari daban, wayoyi, kebul, bututun robar da ake rufe kebul a jikin bango, sannan ladan aiki. Na kai wa likita, ya duba ya ce, "Malam, a nemi farashi a wuri biyu ko uku kafin in sa hannu." Wannan ya ja mana lokaci, amma da shi muka gano cewa wani ɗan kasuwa ya ba mu farashi mai sauƙi ne saboda bai sa katin ƙarin a lissafinsa ba.

A Kano aka samo kayan, wajen Beirut Road, aka aiko su a motar haya ta hanyar Funtuwa da Tsafe. Farashin irin waɗannan kaya yana bin dala, saboda haka adadin da muka biya a lokacin ba zai amfani mai saye a yau ba. Abin da zai amfane shi shi ne yadda kuɗin ya kasu. Akwati da katinsa suka ci kusan rabi, wayoyi da kebul suka biyo baya, ladan injiniya ya fi su ƙanƙanta, sai kuma wasu 'yan kuɗaɗe da ba a sa su a kiyasi ba, kamar kuɗin mota da na magini da ya huda bango. Waya guda ɗaya ce mai tsada a cikinsu, KX-T7730, mai ɗan allo da maɓallai 12 masu fitila, domin da ita ake shigar da tsari a cikin akwatin, ita kuma mai karɓar kira take amfani da ita. Sauran duk wayoyin tebur ne na yau da kullum. Na nace sai an ba mu rasit mai ɗauke da lambar jikin akwatin, na kuma tabbatar littafin bayani yana cikin kwali. Wani abu da ba a faɗa wa mai saye sai ya tambaya shi ne cewa wannan akwati ba ya nuna lambar mai kira daga waje sai an sa masa wani kati na musamman, wanda shi ma kuɗinsa daban.

Jan kebul shi ne matakin da ya fi ƙura da hayaniya, mun kuma raba shi ta yadda ba za a huda bango kusa da marasa lafiya da safe ba. Kowace waya tana bukatar kebul nata tun daga ɗakinta har zuwa akwati, ba a haɗa biyu a kan hanya. Wayar yau da kullum silin waya biyu suka ishe ta, amma mai allon nan sai huɗu, idan kuma biyu aka ja mata allonta ba zai kawo ba. Injiniyan ya ƙi yarda a bi da kebul ɗin ta bututu ɗaya da wayar wutar lantarki, ya ce hakan ne ke kawo gurnanin da ake ji a kunne. An kafa akwatin a bangon ɗakin ajiya na kusa da ɗakin kati, sama da ƙasa, nesa da taga saboda ƙurar hunturu, kuma a ɗakin da ake kullewa. Na tsaya a kansa sai da ya manna wa kowane kebul takarda mai sunan ɗakin da ya fito, domin da zarar an rufe murfin akwatin duk kamanninsu ɗaya.

Maganar ciki ta fara aiki a cikin watan Maris, amma layin waje ya tsaya cak. Tun da babu layin ƙasa a garin, hanyar da ta rage ita ce wata 'yar na'ura mai eriya da ake sa wa layin wayar hannu, ita kuma ta miƙa wa akwatin sautin waya kamar na layin ƙasa. Na'urorin suna hannunmu, layukan ne babu, domin tun watan Disambar 2020 hukumar NCC ta dakatar da sayar da sababbin layuka saboda haɗa su da lambar NIN, ba a kuma ɗage dokar ba sai 19 ga Afrilun 2021, ana cikin azumi. Da aka buɗe na tafi ofishin kamfanin sadarwa da niyyar yin rajista da sunan asibiti. Na tarar da layin mutane har waje cikin zafin bazara, da na kai gaban tebur kuma aka ce mini rajistar kamfani tana bukatar takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da wasiƙa a kan takardar asibiti mai ɗauke da sa hannun mai shi tana nuna wanda aka wakilta, da lambar NIN ta wakilin. Na koma na haɗo su, aka ɗauki hotona da zanen yatsuna, aka ce in jira saƙo. Jiran ya dame ni, domin kullum likita yana tambaya, amma har yau ina ganin rajista da sunan asibiti ita ce daidai. Layin da aka yi da sunan ma'aikaci yana iya tafiya tare da shi ranar da ya bar aiki, lambar kuma ita ce wadda aka rubuta a allon ƙofa da katin marasa lafiya.

Ranar shigar da tsari na ɗauki kujera na zauna kusa da injiniyan da littafi da biro, kuma wannan zama shi ne mafi amfani a duk aikin. Wayar mai allo dole ta kasance a rami na farko cikin ramukan da ake jona kebul a jikin akwatin, wanda lambarsa ta ciki 101 ce, sauran ramukan kuma suna bin ta, 102, 103, har zuwa 124. Ana danna PROGRAM, sai alamar tauraro da alamar #, sannan lambar sirri, wadda daga kamfani take zuwa a 1234. Daga nan kowane abu yana da lambarsa mai alƙaluma uku. Abin da ya fi rikita ni da farko shi ne cewa da zarar an shiga wannan hali, maɓallan wayar suna sauya aiki: SP-PHONE ya koma na matsawa gaba, AUTO ANS ya koma na zaɓi, STORE na adanawa, HOLD kuma na fita daga abin da ake ciki. Wanda ya sauya abu bai danna STORE ya ji ƙarar amincewa ba, bai yi komai ba. Mun fara da 000, inda ake saita kwanan wata da lokaci, muka wuce 002 muka sauya lambar sirri, muka duba 009 inda ake sauya lambobin ciki, sannan 604 inda ake rubuta sunan kowane ɗaki domin ya riƙa fitowa a allo. A 400 ya nuna wa akwatin cewa layukan waje biyu ne kawai muke da su. Ya ce idan aka bar na ukun a buɗe alhali babu komai a jikinsa, wani lokaci mai neman waje zai faɗa kansa ya ji shiru, ya ɗauka waya ta lalace.

Da muka zo 408 zuwa 410, inda ake zaɓar wayar da za ta yi ƙara idan an kira daga waje da rana, da dare, da lokacin hutun rana, sai injiniyan ya ajiye hannu ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ba nawa ba ne, naku ne." Gaskiyarsa. Shi ya san maɓallai, amma bai san cewa ɗakin kati ana rufe shi bayan isha'i ba, bai san cewa nas ɗin dare a ɗakin haihuwa take zama ba. Yadda akwatin ya zo, kiran waje yana kaɗa wayoyi da yawa lokaci guda, kowa kuma yana zaton wani zai ɗaga. Sai da na dakatar da aikin na hau wajen likita tare da babbar nas muka yanke shawara a takarda: da rana kira ya sauka a ɗakin kati, da dare ya sauka wajen nas da wajen mai gadi. Akwai zaɓi tsakanin barin akwatin ya juya da kansa bisa agogo, wanda ake saitawa a 006 da 007, ko a riƙa juya shi da hannu, 781# don rana, 782# don dare. Mun zaɓi agogo, domin mutumin da ya gaji yana shirin tafiya gida ba abin dogaro ba ne wajen tuna wata lamba.

Maganar wanda zai iya kiran waje ta fi duk sauran zafi, ba kuma don na'ura ba. A namu akwatin, wanda ya danna 9 ya sami layin waje, wanda ya danna 0 ya sami mai karɓar kira. Katin da ke kan layukan nan kuɗin asibiti ne, saboda haka a 405 zuwa 407 aka rufe wa yawancin ɗakuna hanyar fita, aka bar ofishin likita da na akanta da ɗakin kati, da dare kuma aka buɗe wa ɗakin nas domin ta iya kiran likita a gida ko direban motar asibiti. Akwai kuma matakai biyar na takaita kira da ake raba wa wayoyi a 601 zuwa 603, na ɗaya ba shi da shinge, sauran kuma ana rubuta musu farkon lambobin da aka haramta, da haka muka toshe 009 na kiran ƙasashen waje. Wasu ma'aikata sun ji haushi, wani dattijo a ɗakin gwaji ma ya same ni ya ce, "Malam, ashe mu ba a yarda da mu ba ke nan?" Na ce masa, "Baba, ba haka ba ne, layi biyu ne kacal, idan kowa ya hau kansu mai naƙuda da ke kira daga gari ba za ta same mu ba." A ganina wannan hujja ta fi ta kuɗi ƙarfi, kuma ya kamata likita da kansa ya faɗe ta a taron ma'aikata kafin a rufe komai, maimakon a bar mutane su gano da kansu.

Koyar da ma'aikata ya ɗauki lokaci fiye da saitin. Abu uku kawai na nace kowa ya iya. Na farko miƙa kira: a wayar mai allo ana danna TRANSFER, a sauran kuma FLASH, sai lambar ɗaki, a jira a ɗaga a faɗi wanda ke kira, sannan a ajiye. Na biyu ɗaukar kiran da ke ƙara a teburin da babu kowa, ta hanyar danna 4 da lambar wancan ɗakin. Na uku juya kira zuwa wani ɗaki idan mutum zai tashi, wato 711 da lambar ɗakin da #, a kuma soke shi da 710#. A nan muka gamu da matsalar da ta sa aka fara cewa kayan jabu ne: wasu wayoyi biyu masu araha da aka ƙaro daga kasuwa, da an danna musu FLASH sai kiran ya yanke gaba ɗaya. Injiniyan ya dawo ya bayyana cewa maɓallin yana katse layi ne na ɗan ƙanƙanin lokaci, idan kuma tsawon katsewar ya wuce abin da akwatin yake tsammani sai ya ɗauka an ajiye waya. Ya daidaita tsawon, matsalar ta wuce. Haka kuma mutane sun riƙa ajiye waya da wuri idan sun kira waje, saboda na'urar layin hannu tana yin shiru na 'yan daƙiƙu kafin ta tura lambar, sai da na bi su ina cewa a yi haƙuri a jira.

Ƙorafin da ya fi yawa bayan haka shi ne wani ya zo ya ce wayarsa ta mutu, yana iya kira amma ba a samunsa. Kusan kullum ba mutuwa ta yi ba. Ko dai an juya kiranta zuwa wani ɗaki an manta, ko an danna 714# wanda ke hana kira shigowa, wani lokaci yaran ma'aikata ne ke wasa da ita. Lambar 79# tana share duk irin waɗannan saituna daga wayar mutum, na kuma rubuta ta a ƙasan takardar lambobin da na manna a gefen kowace waya. Tun daga nan na daina kiran injiniya a kan abin da bai kai a biya kuɗin mashin ba. Akwai lamba guda da ya ja mini kunne a kanta, 999, wadda ke goge tsari ta mayar da akwatin yadda ya fito daga kamfani, kuma na rubuta ta da jan biro.

Batun wuta shi ma sai an tanada. Akwatin ba ya manta saitinsa idan an ɗauke wuta, amma yana daina aiki, a tsakanin ɗaukewar da tayar da janareto kuma duk maganar da ake yi ta yanke. An ƙera shi ta yadda a irin wannan hali layin waje na farko zai faɗa kai tsaye kan rami na farko, sai dai wayar mai allo ba ta aiki ba wuta, sai an jona ta yau da kullum, kuma ita ma na'urar layin hannu tana bukatar nata cajin. Mun huta da wannan duka da muka mayar da akwatin da na'urorin kan inbata mai sola ta ɗakin gwaji. Da damina ta kama, tsawa ta ƙone ramin wayar mai gadi, wadda kebul ɗinta kaɗai ya bi ta tsakar gida a sarari. Aka mayar da shi wani ramin da ba kowa, aka sauya masa lamba a 009 ta koma wadda aka saba, aka binne kebul ɗin a bututu, aka kuma sa abin kare tsawa. Da ba mu bar ramuka biyu a ajiye ba, da sai an sake aikawa Kano.

A farkon Satumbar 2021 aka rufe hanyoyin sadarwa a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, ba a dawo da su Gusau ba sai farkon Oktoba. Layukanmu na waje suka mutu tare da na kowa, mutane suna fita daga jihar don yin waya, amma a cikin asibiti nas tana danna lambar ɗaki ta sami likita a sama, mai gadi yana sanar da ɗakin haihuwa cewa an kawo mai naƙuda tun kafin a sauko da ita daga Keke Napep. A wannan wata ne waɗanda suka ce an ɓarnatar da kuɗi suka daina faɗa. Abin da kawai na yi shi ne kula da kada layukan su daɗe ba a yi amfani da su ba bayan an dawo da sabis, na sa musu kati na gwada kowanne.

Wanda zai fara irin wannan aiki, shawarata ita ce ya zauna da shugabansa tun kafin injiniya ya zo, su rubuta sunan kowane ɗaki da lambar da za a ba shi, da wanda zai fita waje, da inda kira zai sauka da rana da dare, domin waɗannan ba tambayoyin fasaha ba ne, injiniya kuma zai cike su da zatonsa idan ba a ba shi amsa ba. Ya fara neman layukan waje da wuri, tun da takardunsu sun fi jan kebul cin lokaci. Ya sayi akwatin da zai bar masa ramuka na ajiya. Kada kuma ya biya cikon ladan aiki sai an gwada kowace waya a gabansa, ciki da waje, an kuma miƙa masa sabuwar lambar sirri, da takardar da ke nuna kowane kebul da raminsa, da jerin duk abin da aka sauya a tsarin. Namu kwafi biyu ne, ɗaya a aljihun teburina, ɗaya a ofishin likita, kuma duk lokacin da aka ƙara waya ko aka sauya lamba nakan gyara su duka biyun in rubuta kwanan wata.